Motar da Na Ce Ta Kwatano Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure, manyanku da ƙananunku, ina gaishe ku, ina yi maku sannu da ɗawainiya. Mai kula da zaure, Allah ya saka maka da alheri, ka rufe sunana yadda ka yi mani alkawari. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ba hannuna ya rubuta wannan ba. Ɗiyata da ke aure Katsina ita ke karanta mani abin da kuke tattaunawa in na je wurinta, ita ta nuna mani inda ake dannawa a yi magana, na zagaya bayan rumbu ni kaɗai na faɗa wa waya abin da ke cikina, mai kula da zaure kuma ya zauna ya mai da shi rubutu. Shawara na zo roƙo, don Allah ku taimake ni da ita kafin Juma'a, abin ya fi ƙarfin kaina.

Mu mutanen ƙasar Batsari ne, ƙauyen ba zan faɗa ba. Fulanin gida ne mu, muna noma muna kiwo, maigidana ya daɗe da rasuwa. Ina da ɗa, ɗan fari, kun kuwa san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ran da aka raɗa mashi suna har yau da furfura ta fara leƙo mashi a gemu, sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Yana yaro ina ce mashi kai, ko wancan, da ya haihu na samu sauƙi na koma ce mashi Baban Ummi. Shi ma ba ya ce mani inna, Adda yake ce mani kamar wata yayarshi. Ban taɓa yi mashi wasa gaban mutane ba, ban taɓa shiga faɗanshi ba, in yara suka buge shi sai in kau da kai in ci gaba da dakana. Haka muka tarar, haka muka yi.

Wanda ya tsaya mashi kawunshi ne, wana, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya nake ce mashi, yana zaune wajen Tsaskiya cikin ƙasar Safana. Yayan nan shi ke ɗaukata a wuya muna yara in za mu tsallake rafi. Shi ya ba Baban Ummi karsana ran suna, shi ya zo ya ɗauke shi da aka yaye shi, ya riƙe shi har ya isa kiwo, har ya nema mashi aure, sannan ya maido mani shi da matarshi da shanunshi. A gidan ya tashi tare da ɗan Yaya, zan ce mashi Lawali, ƙaninshi ne sosai amma in suka juya maka baya ba ka rarrabe su, dogon wuya ɗaya, ƙeya ɗaya, irin ta gidan babanmu. Ku riƙe wannan, za ku ji inda ya dawo.

Ana nan, ana nan, zamani ya juya, ɓarayin daji suka shigo mana. Ba sai na ba ku labari ba, kun sani. Garken da in ya taso sai an kauce mashi a hanya, aka kora, aka sake korawa, sai 'yan kaɗan suka rage, su ma jikokin karsanar nan ta suna ce. Ran nan Baban Ummi ya zo ya tsuguna bakin ƙofata, ya ce Adda, waɗannan ma ajiya muke yi wa wasu, gara in kai su kasuwa da ƙafata in sayi mota in riƙa haya, ko ba komai mota ba a kora ta da sanda. Ba ƙaramin abu ba ne Bafillatani ya wayi gari ba abin tatsa, amma na ga gaskiyarshi, na ce Allah ya sa alheri.

Ya je Katsina ya zagaya inda ake sai da motoci, shi da wani abokinshi bakanike, ya dawo yana mani bayani ina tankaɗe. Ya ce iri biyu ce. Akwai wadda ake ce wa Beljiyam, wasu su ce tokumbo, Turawa sun hau ta a ƙasarsu sun gaji, an sako ta jirgin ruwa ta sauka Kwatano, hanyarsu sumul take, injinta ba a taɓa buɗe shi ba, sai dai tsada, kuma sai ka buɗe ido kan takardar kwastan. Akwai kuma ta gida, wadda ta riga ta sha hanyarmu, ita ta fi sauƙi amma sa'a ce, ba ka san bakanike nawa ya sa hannu cikinta ba, ba ka san ramin da ta faɗa ba. Shi Beljiyam ranshi ke so, abokin nashi ma ita ya zaɓa, ya ce ko za a ƙara da 'yan awaki a ƙara, a sayi wadda za ta bar mutum ya yi barci.

Ni kuwa abin bai kwanta mani ba. Na ce, kai da ka tashi cikin garke, yaushe ka ga an sayi saniya hannun wanda ba a sani ba? Mu in za mu sayi karsana sai mun san uwarta, mun san kakarta, ko tana harbi, ko tana hana tatsa, ko danginta na zubar da ciki. Wannan ta Turawan wa ya san uwarta? In ta cuce ka ƙofar gidan wa za ka je ka yi sallama, teku za ka tsallaka? Ya yi dariya ya ce Adda, mota ai ba ta da kaka. Na ce tana da ubangida, a nemo wadda aka san ubangidanta. Ba mu gama ba muka bar maganar, shi yana nashi ina nawa.

Cikin kwanakin sai ga Yaya a kan babur ya zo duba mu. Aka yi gaisuwa, aka sha fura, maganar mota ta taso. Ya ajiye ludayi ya ce ashe mota ake nema ba a faɗa mashi ba, ga mota can gidanshi an rufe da tamfol kaji na kwana ƙarƙashinta, Lawali ne ke haya da ita, ya tafi Kudu neman kuɗi ya bar ta. Ya ce me zai kai dukiyar gida hannun baƙo, shanun nan daga garkenshi suka fito, su koma inda suka fito, mota ta zo inda ake sonta. Jama'a, na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Na dubi Baban Ummi, abin da ban cika yi ba, na ce to ga wadda aka san uwarta da kakarta. Ya sunkuyar da kai ya ce yadda Kawu ya ce haka za a yi.

Muka je Tsaskiya gaba ɗaya, har da bakaniken. Aka yaye tamfol, ga ta shuɗiya tana ƙyalli, doguwar nan mai wurin kaya a baya. Bakanike ya tada ita ya kasa kunne, ya zagaya ya duba hayaƙi, ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗe riga ya ce inji lafiya lau, ƙafafu lafiya lau, bai zaci haka ba. Sai dai ya ce fentin sabo ne, da fara ce aka mai da ita shuɗiya. Yaya ya ce yaran yanzu da son ado, Lawali ne ya ce fara na nuna datti. Aka yi dariya aka wuce.

To mu a wurinmu ba a ƙulla cinikin dabba sai an tambayi aibu. Mai saye zai ce, don Allah akwai abin da ka sani game da ita, mai sayarwa ya dafa bayanta ya faɗa, in tana da tari ya faɗa, in tana tsallake shinge ya faɗa, in ya ɓoye shi da Allah. Da yake ni na kawo maganar ta gida, ni na yi tambayar. Na ce Yaya, akwai aibin da ka sani? Ya dafa bayan motar nan da hannunshi na dama, yadda babanmu ke dafa saniya, ya ce ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa ta ciki sai ta waje, kuma tana ɗan shan mai in ta hau tudu, ban da wannan ban san komai ba. Na ce Allah ya sa albarka. Aka shafa fatiha.

Da za mu taho ya ja ni gefe, ya kira Baban Ummi, ya ce alfarma ɗaya yake nema. Ya ce kun san zamanin, in aka ji ya sai da mota, gobe mutanen daji na ƙofarshi suna neman abin da ya karɓa. Kada ku ce tawa ce, ku ce ta Kwatano ce, ga fenti sabo, a sake mata lamba, wa zai musa. Ya roƙi bakaniken ma ya kama bakinshi. Na ga ai kare rai ne, wa zai ƙi kare ran ɗan'uwanshi? Har dabara muka yi, aka zagaya da ita ta Katsina ta kwana biyu can, sannan ta shigo garinmu ta hanyar birni, don kowa ya ga daga inda ta fito.

Ran da ta shigo na soya ƙosai na yi sadaka. Mata suka cika gidan suna barka, suna shafa ta, wata ƙawata tana tsokanata, wai tsohuwa ke da ko jaki ba ki iya hawa ba yau kin zama uwar mai Beljiyam, sai ki fara cin tuwo da cokali. Na ce ki bari in koya in koya maki. Da bakina, ba bakin wani ba, na ce masu ta Kwatano ce, teku ta tsallako. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa wa matar liman. Ni da garin nan ya sani ba a taɓa kama ni da magana biyu ba.

Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, motar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba. Rani guda yana haya da ita, Batsari, Ruma, Safana, wani lokaci har Katsina, a loda mata buhuna a loda mata mutane, ba ta taɓa mutuwa a hanya ba ko sau ɗaya. Gidan ya dawo da rai, aka sake jin ƙamshin miya, Ummi ta samu sabon hijabi na Islamiyya. Har na riƙa cewa a raina, ashe tsufa ma ilimi ne.

Shi ke nan, ranar wata kasuwar Batsari, da hantsi, yana lodi a tasha. Wata mata daga wajen Yasore, ba yarinya ba ce, ta shiga ta zauna baya ta hagu. Ana jiran mota ta cika sai ta tuna ba ta sayi gishiri ba, ta kama ƙofa za ta fita, ƙofa ta ƙi. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi ihu ba, sandarewa ta yi. Ta dubi bayan kujerar da ke gabanta, ta sa yatsa ta bi wani ɗinki da aka yi da baƙin zare, ta ɗaga ido ta ga ƙeyar direba. Sai ta fito ta taga, babbar mace da ita, ta faɗi ƙasa ta zauna, kallabi ya zame, tana nuna motar tana cewa ita ce, ita ce.

Da aka yayyafa mata ruwa ta yi bayani. Ta ce daminar bara ita da maigidanta suka shiga wata farar mota daga kasuwa za su gida, direban ya rufe fuska da takunkumi, ƙeyarshi kawai take gani, kuma ƙeyar nan ce. Da suka kai wani kwari a hanyar Ruma, kusa da daji, inda gero ya rufe hanya, sai mota ta mutu, direba ya fita ya buɗe gaba kamar mai gyara, sai ga mutane sun fito daga cikin geron da bindigogi. Ta ce tana ta jan ƙofar nan ƙofa ta ƙi, ta kama bayan kujera da haƙori da farce har ya yage, aka jawo ta ta ɗaya gefen. An kwashe su duka, direba ko marinshi ba a yi ba. Ita ta dawo bayan an sai da gonarsu, maigidanta bai dawo ba. Tana rufe baki wani ya ce shi ma ya ji labarin farar motar da ke mutuwa a kwari, ba sau ɗaya ba. Wani ya ce ai wannan ta Kwatano ce, uwar direban ma ta faɗa. Sai wani ya zaro makulli ya karce jikin ƙofa. Fari ya fito.

Abin da ya hana a kashe Baban Ummi a tashar nan Allah ne, sai bakaniken da ya rungume shi yana rantsuwa cewa bara warhaka mutumin nan ko sitiyari bai iya riƙewa ba, yana bayan shanu. 'Yan sa-kai suka tafi da shi, liman da mai gari suka bi, da ƙyar aka ba liman shi a kan amana, ba zai bar gari ba, mota kuma tana ƙofar mai gari, an ce a taru bayan sallar Juma'a a ji daga inda ta fito. Sun tambaye shi wa ya sai maka, ya sunkuyar da kai. Sun tambayi bakanike, ya ce a tambayi mai mota, shi duba inji kawai ya yi, amma ya aiko mani cewa in aka ɗora mashi Alƙur'ani ba zai haɗiye ba. Yanzu abin da gari ke cewa, tun farko tashi ce, ya ɓoye ta ya yi ta'asa da ita, ya sake mata fenti ya fito da ita a kan ta Kwatano. Wanda bai da abin ɓoyewa me zai sa ya yi ƙarya, shi da uwarshi? Kun kuwa san yadda ake kallon Bafillatani a ƙasar nan yanzu, ko bai yi komai ba. Maƙwabta sun daina aiko yara ɗibar wuta. Ummi ta dawo daga Islamiyya ta tambaye ni mene ne infoma, sunan da ake kiran mai yi wa ɓarayin daji aiki a cikin gari.

Washegari na hau ɗan acaba na tafi Tsaskiya. Na tarar da Yaya a zaure kan buzu, ya riga ya ji. Muka gaisa yadda aka saba, ya gida, ya yara, ya jiki, ya ruwa, har muka ƙare ba wanda ya dubi wani. Sannan na ce Yaya, ka san abin da motar nan ta yi? Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce ya sani, amma sai bayan damina ya sani, da ya ga Lawali da abin da haya ba ta kawowa, ya tsare shi ya matsa mashi ya faɗa. Ya ce ya yi mashi baki ya kore shi, shi ne tafiya Kudun. Motar kuma ya rasa yadda zai yi da ita, dillalan Safana sun san ta, ba wanda zai taɓa, ƙona ta kuma hayaƙi zai jawo tambaya, shi ne ya kira mai fenti daga nesa. Ya ce ya ɗauka can wajenmu ba mai gane ta. Na ce Yaya, ka san hanyar Ruma yaron nan zai bi, a gabanka ya faɗa. Ya ci gaba da jan carbinshi. Na ce na tambaye ka aibu, ka dafa ta da hannunka. Ya ce aibin mota kika tambaye ni na kuwa faɗa maki, wannan ba na mota ba ne, na gidana ne, kin taɓa ganin wanda ya kai aibin gidanshi kasuwa?

Ban san ina da hawaye haka ba. Na ce ka rasa wanda za ka ɗora wa sai shi, wanda ka yi wa karsana, wanda ya kwana ɗakinka? Ya ce shi kaɗai ne ba zai yi mashi tambaya ba. Haka ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Sannan ya dawo yana lallashina, 'yar Inna, 'yar Inna, sunan da yake kirana muna yara. Ya ce in kika kira sunana ran Juma'a ba kotu za a kai ni ba, kin sani, da ni da matan gidan nan da jikoki, ko kaza ba za a bari ba. Ya ce in yi haƙuri, zai nemi hanyar da Baban Ummi zai sulale ya tsallaka Nijar kafin ranar, in ƙura ta lafa ya dawo. Na ce in ya gudu ai ya amsa laifin ke nan, matarshi da ɗiyanshi su zauna da wane suna? Da ya ga ban sauko ba sai ya canja murya. Ya ce yaron nan nawa ne, ni na raine shi, ke ko sunanshi ba ki iya faɗa, ba ki taɓa shiga faɗanshi ba tun yana tsumma, yau za ki fara, kuma da ni? Na tashi na ɗauki takalmana. Ya ce ba za ki sha ruwa ba? Na ce na sha.

Na dawo na samu Baban Ummi zaune gindin darbejiyar gidan liman, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Na faɗa mashi duk yadda muka yi. Na zaci zai tashi da fushi, sai ya ce ya riga ya gane tun a tasha, tun da matar ta ce ƙeya. Ya ce Adda, tuwon gidan Kawu na ci na girma, in na kira sunanshi aka je aka yi abin da ake yi, da wane baki zan sake cin abinci? Ya ce zai rantse ba shi ne direban ba, iyakarta ke nan. Na ce in suka ce ka rantse daga ina ta fito fa? Ya ce sai ya yi shiru. Na ce shirun nan shi zai kashe ka. Ya ce to ke ma ki yi shi, kin saba. Bai faɗa da rashin kunya ba, a hankali ya faɗa, yana wasa da tsinke a ƙasa, amma gara ya mare ni. Matarshi kuwa tun ranar kullum tana durƙushe bakin ƙofata, goyo a bayanta.

Matar Yasore ban ga laifinta ba ko ƙwayar gero. Na hango ta ƙofar mai gari zaune nesa da motar, ta juya mata baya. Haƙƙinta ne ta san wanda ya kai mijinta, kuma amsar na cikin bakina. Wannan ma yana hana ni cin abinci.

To jama'a, ga inda nake. Cikinku akwai malamai, akwai ma'aikata, akwai waɗanda suka san mota. Bakaniken ya ce akwai wata lamba a jikin ƙarfenta wadda fenti ba ya gogewa, shin hukuma na iya bin ta ta gano hannun da ta bi, motar ta faɗi da kanta ba sai na faɗa ba? In kuwa Yaya bai taɓa sa sunanshi a takarda ba fa, don shi ma a hannu ya saya? Ko in je wurin mai gari ni kaɗai kafin ranar, in roƙe shi a kira hukuma ta je ta ɗauki Yaya da mutunci, kafin 'yan sa-kai su ji? Wa ya taɓa ganin an yi haka a ƙauye maganar ba ta fita ba? In na ce Lawali kaɗai, ƙofar gidan ubanshi za a nufa. Malamai ku faɗa mani, wanda ya dafa abu ya ɓoye aibinshi ya miƙa wa ɗanka, har yanzu zumuncinshi na wuyanka? Matan gidanshi da jikoki ba su san komai ba, in wani abu ya same su a dalilin bakina, nawa ne ko nashi? Kuma in na faɗa, ɗan da na ceta zai sake ce mani Adda?

Na raina ta Turawa don ba a san uwarta ba. Yau da ita aka saya, da duk abin da ta yi a duniya yana can bayan teku, ba mai zama cikinta a tashar Batsari ya gane ɗinki.

Tsohuwa kamata ba a hana ta magana ƙofar mai gari, in na tashi za a saurare ni. Amma ba a yin shaida da wancan, ko Baban Ummi, sai na kira shi da sunanshi gaban gari in ce ɗana ne, ba shi ba ne, sannan in kira na wanda ya sai mashi. Jiya da hantsi na zo bayan rumbun nan na gwada, ni kaɗai, don in ji ko bakina zai iya. Na yaron ya fita, sunan da na riƙe tun ina da ƙuruciya, ya fita kamar kullum nake faɗinshi, har na waiga ko wani ya ji. Na Yaya ne ya tsaya mani a wuya, yana nan har yanzu.

Don girman Allah ku faɗa mani, in an sallame Juma'a aka taru, in tashi ko in zauna?